Dogon Zama Ba Ya Ɗaura Aure: Matsayin Masu Zaman Tare a Dokar Ingila, da Yadda Ya Shafi Musulmi

A watan Disambar 1998, a wani gidan cin abinci da ke unguwar Southall a yammacin Landan, wani limami ya ɗaura auren wasu masoya biyu bisa tsarin Musulunci, a gaban iyaye da shaidu da taron 'yan biki. Ango da amarya sun yi niyyar cewa daga baya za su je ofishin gwamnati a yi wa auren rajista, sai dai wannan rana ba ta taɓa zuwa ba. Matar ta shaida wa kotu cewa ta sha tayar da maganar, mijin yana kawar da ita. A haka suka zauna shekara 18, suka haifi 'ya'ya huɗu. Da zama ya ƙi daɗi a 2016, matar ta shigar da ƙara tana neman a raba auren, a kuma ba ta kasonta na dukiya. Amsar da mijin ya bayar gajeriya ce: a idon dokar Ingila, su biyun ba su taɓa yin aure ba.

A watan Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da cewa haka dokar take. Wannan shari'a, wadda lauyoyi ke kira Akhter da Khan, ta tono abin da mutane da yawa ba su sani ba. A Ingila da Wales, namiji da macen da ke zaune tare ba tare da auren da hukuma ta amince da shi ba ba su da haƙƙoƙin ma'aurata, ko shekara biyu suka yi ko arba'in. Dokar kuma ba ta bambanta wanda ya ƙi yin aure da gangan da wanda aka ɗaura masa aure a falo ko a masallaci ba tare da cika sharuɗɗan hukuma ba. Dukansu a layi ɗaya take ajiye su.

Mai karatu a Kano ko Damagaram na iya cewa wannan matsalar Turawa ce, tunda a ƙasar Hausa zaman dadiro abin kunya ne, addini kuma ya haramta shi. Amma ga ɗimbin matasanmu da ke karatu ko aiki a Birtaniya, da iyayen da ke aurar da 'ya'yansu can, batun ya zo har ƙofar gida. Mace na iya zama matar aure a wurin Allah da wurin danginta, hukuma kuma tana kallonta a matsayin abokiyar zama kawai.

Tatsuniyar da kusan rabin al'umma ta gaskata

Zaman tare ba aure shi ne nau'in iyali da ya fi saurin ƙaruwa a Birtaniya. A 1996 akwai irin waɗannan iyalai kimanin miliyan 1.5, zuwa 2021 sun kai kimanin miliyan 3.6. Wani babban binciken ra'ayin jama'a da aka fitar a farkon 2019 ya gano cewa kashi 46 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales sun yi imanin cewa idan namiji da mace suka daɗe tare, doka za ta ɗauke su tamkar ma'aurata. A gidajen da ke da yara, masu wannan imani sun kai kashi 55 cikin 100, wato waɗanda kuskuren zai fi cutarwa su ne suka fi faɗawa cikinsa.

Babu irin wannan aure a dokar ƙasar. Tun 1753 majalisar dokoki ta shimfiɗa ƙa'idojin da dole a cika kafin aure ya inganta, kuma dokar aure ta 1949 da ake aiki da ita yanzu a kan wannan turba take. Farfesa Rebecca Probert, masaniyar tarihin dokokin iyali, ta nuna cewa tunanin dogon zama na ɗaura aure bai yaɗu a tsakanin jama'a ba sai a shekarun 1970. Bahaushe ya ce kome daɗewar gungume a ruwa ba ya zama kada.

Ita ma hukuma tana da hannu a ruɗanin. Idan mutum ya nemi tallafin da gwamnati ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi, ana haɗa kuɗin shigarsa da na abokin zamansa kamar yadda ake yi wa ma'aurata, abin da sau da yawa ke rage musu tallafin. Ke nan wurin biyan kuɗi gwamnati na ganinsu iyali guda, ranar rabuwa ko mutuwa kuma sai ta ce ba ta san zancen ba.

Ranar rabuwa

Idan ma'aurata suka rabu a Ingila, dokar 1973 ta bai wa alƙali ikon duba dukan dukiyarsu ya raba ta bisa adalci, ba tare da la'akari da sunan wanda ke jikin takarda ba. Yana iya bai wa matar gida, ya raba kuɗin fansho, ya kuma yanke wa mijin kuɗin ciyar da ita na wani lokaci. Tun hukuncin shari'ar White da White a 2000, kotuna ba sa fifita mai fita neman kuɗi a kan mai zama rainon yara da kula da gida.

Masu zaman tare ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu ciyarwa bayan rabuwa, babu kaso a fanshon abokin zama. Abin da ya rage shi ne dokar mallakar kadara, wadda tambayarta ta farko ita ce: sunan wa ke jikin takardar gidan?

Shari'ar Burns da Burns, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 1983, ita ce misalin da ake koyar da ɗaliban lauya har yau. Matar ta zauna da mutumin shekara 19, ta ɗauki sunansa, ta haifa masa 'ya'ya biyu ta raine su. Da ta fara samun kuɗi ta sayi kayan ɗaki, ta biya wasu kuɗaɗen gida, ta gyara ɗakuna. Amma gidan da sunansa aka saya, kuma ba ta zuba kuɗi a cinikinsa ba. Kotu ta ce ba ta da ko taku ɗaya a cikinsa. Alƙalan da kansu sun nuna cewa sakamakon ya yi mata tsauri, suka ce gyaran aikin majalisa ne. Fiye da shekara arba'in ke nan majalisar ba ta yi gyaran ba.

Wanda sunansa ba ya jikin takarda dole ne ya gamsar da kotu cewa akwai fahimtar juna tsakaninsu cewa gidan nasu ne tare, kuma ya dogara da wannan fahimta har ya yi wata asara, misali ya riƙa biyan bashin bankin da aka sayi gidan da shi. Irin wannan shari'a tana cin kuɗi da lokaci, sakamakonta kuma ba shi da tabbas, domin sau da yawa ta dogara ne ga maganganun da aka yi a ɗaki shekaru da suka wuce ba tare da shaida ba.

Ko da sunayen duka biyun na jikin takardar, rigima ba ta ƙare ba. Kotu kan fara da ɗaukar cewa rabi da rabi ne, amma ana iya kawo hujjar da za ta sauya lissafin. A shari'ar Stack da Dowden ta 2007, matar ta samu kashi 65 cikin 100 saboda ta fi zuba kuɗi, kuma sun daɗe kowa na riƙe da asusunsa daban. A shari'ar Jones da Kernott ta 2011, Kotun Ƙoli ta bai wa matar kashi 90 cikin 100, domin mutumin ya bar gidan shekaru da yawa bai ƙara biyan ko kwabo a kansa ba. A duka biyun, kuɗin da aka zuba da niyyar da aka ƙulla ne suka yi magana. Wahalar raino da ta girki ita kaɗai ba ta isa ta bai wa mace gida ba.

Akwai fanni guda da doka ba ta nuna bambanci: kariya daga cin zarafi. Wadda abokin zamanta ke duka ko tsoratarwa na iya neman kotu ta hana shi kusantarta, ko ta fitar da shi daga gidan na wani lokaci, ko da aure ko babu.

Ranar mutuwa

A nan ne abin ya fi ciwo. Idan mai aure ya rasu bai bar wasiyya ba, kuma ba shi da 'ya'ya, matarsa ce ke ɗaukar dukiyar gaba ɗaya. Idan akwai 'ya'ya, tun daga watan Yulin 2023 tana ɗaukar kayan amfaninsa na yau da kullum, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya saura. Abokiyar zama kuwa ba ta cikin jerin magada sam. Dukiyar za ta tafi ga 'ya'ya, in babu su ga iyaye, sannan 'yan'uwa, har a kai ga baitulmalin masarauta idan ba a samu dangi ba, ita kuwa ba a ambace ta ba. Abin da kawai ke zama nata kai tsaye shi ne kadarar da suka mallaka tare bisa sharaɗin cewa wanda ya rage shi ke ɗauka.

Mafitar da ta rage mata ita ce wata doka ta 1975, wadda ta ba wa wanda ya zauna da mamaci a gida ɗaya tamkar ma'aurata na aƙalla shekara biyu kafin rasuwarsa damar shigar da ƙara. Sai dai abin da kotu za ta ba ta bai wuce na rufin asiri ba, kuma a ƙa'ida dole ta shigar da ƙarar cikin wata shida daga ranar da aka ba da izinin raba gadon. A aikace wannan na nufin mace mai zaman makoki ta maka surukanta a kotu, wani lokaci ma 'ya'yan cikinta.

Ko da mamacin ya bar mata wasiyya, haraji na jiranta. Abin da miji ya bar wa matarsa, a ƙa'ida, ba a cire masa harajin gado. Abin da ya bar wa abokiyar zama kuwa, duk abin da ya haura fam 325,000 ana cire masa kashi 40 cikin 100. A birane irin su Landan, inda gida ɗaya kan zarce wannan adadi, hakan na iya tilasta sayar da gidan da take ciki.

An samu ɗan sassauci a wani ɓangare. Wata mata a Ireland ta Arewa da ta zauna da uban 'ya'yanta huɗu shekara 23 ta ƙalubalanci hana ta tallafin da gwamnati ke bai wa iyayen da aka mutu aka bari da yara. A 2018 Kotun Ƙoli ta ce hanin ya saɓa wa yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, domin yaran ne ke shan wahalarsa. Sai a watan Fabrairun 2023 aka gyara dokar, kuma gyaran ya tsaya ne ga masu yara kaɗai.

Matsayin yara

Game da yara dokar ta fi sauƙi. Tun 1987 aka kawar da kusan duk wani bambanci tsakanin ɗan da aka haifa da aure da wanda aka haifa ba aure. Dukansu suna gadon iyayensu, kuma dole uba ya biya kuɗin ciyar da su. Uwa tana da ikon yanke shawara kan ɗanta tun daga haihuwa. Uban da ba shi da aure kuwa yana samun wannan iko ne idan an rubuta sunansa a takardar haihuwa, ga haihuwar da aka yi wa rajista daga 1 ga Disambar 2003, ko ta hanyar yarjejeniya da uwar, ko umarnin kotu.

Dokar yara ta 1989 ta ba kotu ikon umartar uba mai hali ya samar da gidan da uwa za ta raini yaran a ciki. Amma gidan aro ne. Da zarar ƙaramin yaron ya girma ko ya gama karatu, gidan kan koma hannun uban, uwar kuma ta fita, sau da yawa tana da shekara hamsin da wani abu, ba gida, ba fansho, ba sana'ar da ta gina.

Yadda auren Musulunci ya faɗa wannan rami

Kafin auren Musulmi ya inganta a Ingila, sai ango da amarya sun kai sanarwa ofishin rajista, an jira kwana 28, wa'adin da kan iya kaiwa kwana 70 idan hukumar shige da fice na son bincike. Sannan a ɗaura auren a ofishin rajista, ko a wurin da aka amince da shi, ko a wurin ibadar da aka yi wa rajistar ɗaurin aure, a gaban jami'in rajista ko wanda aka ba izini, da shaidu biyu. Masallaci na iya samun wannan rajista, kuma wasu sun samu, amma da yawa ba su da ita. Ga shi kuma al'adar Musulmi da dama ita ce a ɗaura aure a gida ko a zauren biki.

Dokar ta kasa bukukuwan aure gida uku. Akwai ingantaccen aure. Akwai ɓataccen aure, wato wanda aka yi yunƙurin bin dokar amma aka samu tangarɗa. Wannan ko da an rushe shi, kotu na da ikon raba dukiya kamar a saki. Sai na uku, bikin da bai ma shiga da'irar dokar ba, wanda ba ya haifar da kome. A 2018 alƙalin babbar kotu ya sanya auren Akhter da Khan a aji na biyu domin matar ta samu haƙƙi. Babban lauyan gwamnati ya ɗaukaka ƙara, kotun sama kuma ta mayar da shi aji na uku, bisa hujjar cewa ba a kai sanarwa ba, wurin ba shi da rajista, kuma su kansu ma'auratan sun san akwai sauran mataki a gabansu. Su biyun sun riga sun sasanta kafin hukuncin, amma ƙa'idar da aka kafa ta hau kan kowa.

Wani bincike da gidan talabijin na Channel 4 ya gabatar a 2017, wanda ya ji ta bakin mata Musulmi kimanin 900, ya gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 nasu auren addini kaɗai gare su. Dalilan sun bambanta. Wasu ba su san akwai bambanci ba. Wasu an yi musu alkawarin rajista an saɓa. Wasu mazan na guje mata ne don kada a raba dukiyarsu ranar saki, akwai kuma mata masu hali da ke guje mata saboda wannan dalilin. Sai kuma masu ƙara aure, tunda doka ba ta yarda a yi wa mace ta biyu rajista ba.

Macen da ke wannan hali ta faɗa tsakanin dokoki biyu. Majalisun malamai da ke sasanta rikicin aure a Birtaniya na iya raba auren ta fuskar addini, ta hanyar khul'i ko rushewa, amma hukuncinsu ba shi da ƙarfin doka, ba su iya tilasta wa miji ya biya ko fam ɗaya. Tumunin takaba da Musulunci ya ba ta ba zai zo hannunta ba sai in mijin ya rubuta wasiyya ko magada sun ga dama. Kotunan Ingila sun taɓa tilasta biyan sadaki a matsayin yarjejeniya tsakanin mutum biyu, amma sadaki ba ya sayen gida.

Auren da aka ɗaura a gida Najeriya ko Nijar fa?

Nan labarin ya fi daɗi. Ƙa'idar ita ce, auren da ya inganta bisa dokar ƙasar da aka ɗaura shi, Ingila tana karɓarsa, muddin kowanne daga cikin ma'auratan ya cancanci yin auren bisa dokar ƙasar da take mazauninsa na dindindin. Tunda Najeriya ta amince da auren Musulunci, wanda aka ɗaura a Zariya ko Sakkwato da waliyyi da sadaki da shaidu aure ne a Landan. Hatta auren wakilci, irin wanda muka saba, inda waliyyin amarya da wakilin ango ke tsayawa a madadinsu, kotunan Ingila na karɓarsa idan ƙasar da aka ɗaura shi ta yarda da shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta jaddada hakan a 2017 a wata shari'a kan auren gargajiya da aka ɗaura a Ghana.

Sakamakon yana da ban mamaki. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida a Kano, ango da amarya suna can Manchester, na iya inganta, alhali wanda aka ɗaura a falo a Manchester, su biyun suna zaune a gaban liman, ba a bakin kome yake ba. Sai dai inganci daban, hujja daban. Ranar da aka shiga kotu ko aka nemi biza, takardar shaida ake tambaya, kuma yawancin aurarrakinmu goro da alewa ne shaidarsu. Game da mace fiye da ɗaya kuma, wanda Ingila ta zama mazauninsa na dindindin ba shi da ikon ƙara aure ko da a waje ya ɗaura shi, dokar shige da fice ma ba ta barin mutum ya shigo da mata ta biyu a matsayin matar aure.

Yadda maƙwabta suka yi

Scotland, wadda ke da nata tsarin shari'a, ta yi doka a 2006 da ta ba abokin zama damar neman diyya cikin shekara guda da rabuwa, idan ya nuna ya yi asarar tattalin arziki domin amfanin ɗayan ko na yaransu. Can kuma izinin ɗaura aure yana rataye ne a wuyan mai ɗaurawa, saboda haka limamin da aka ba izini na iya ɗaura ingantaccen aure a gida ko a zaure. Jamhuriyar Ireland ta yi tata dokar a 2010: wanda ya dogara da abokin zamansa na iya neman haƙƙi bayan shekara biyar, ko biyu idan akwai ɗa.

Faransa, inda 'yan Nijar da yawa ke zaune, ta ɗauki wata hanyar. A 1999 ta ƙirƙiro yarjejeniyar zaman tare mai rajista, wadda ke tsakanin aure da zaman kara zube. Wanda bai yi aure ba bai kuma yi wannan yarjejeniya ba, idan abokin zamansa ya bar masa wasiyya, harajin kashi 60 cikin 100 ke jiransa. Auren da ake ɗaurawa a ofishin magajin gari shi kaɗai hukuma ta sani, kuma laifi ne malamin addini ya mayar da ɗaura aure kafin na hukuma al'adarsa.

Me ya hana Ingila gyara?

Shawarwari ba su yi ƙaranci ba. A 2007 hukumar da ke bitar dokokin Ingila da Wales ta ba da shawarar a kafa tsarin da zai kare waɗanda suka haihu tare ko suka zauna wasu shekaru, bisa gudummawar da kowa ya bayar, tare da bai wa masu so damar cire kansu. A 2011 gwamnati ta ce ba za ta aiwatar ba a wannan zangon majalisa. A 2018 kwamitin da Farfesa Mona Siddiqui ta jagoranta kan aiki da shari'ar Musulunci ya nemi a wajabta rajistar hukuma kafin ɗaurin auren addini ko tare da shi. A watan Yulin 2022 hukumar bitar dokoki ta nemi a sauya tsarin aure ya koma kan mai ɗaurawa maimakon gini, kusan irin na Scotland. Wata guda bayan haka kwamitin majalisa kan mata da daidaito ya nemi a aiwatar da shawarar 2007, gwamnatin masu ra'ayin riƙau ta lokacin kuma ta ƙi. Jam'iyyar Leba ta sanya alkawarin ƙarfafa haƙƙin matan da ke zaman tare cikin manufofinta na zaɓen 2024, zaɓen da ta lashe.

Masu adawa da gyaran suna da hujjoji biyu. Na farko, bai wa masu zaman tare haƙƙi zai rage darajar aure. Na biyu, baligan da suka zaɓi kada su yi aure bai kamata a ɗora musu nauyin da suka guje wa ba, musamman tunda daga ƙarshen 2019 namiji da mace na iya ƙulla yarjejeniyar zama mai rajista wadda ke ba da kusan dukan haƙƙoƙin aure. Masu goyon baya kuma na cewa ba a kiran abu zaɓi idan kusan rabin mutane ba su san dokar ba, kuma rajista sai mutum biyu sun yarda: mai dukiya na iya ƙi, mai rauni ta ɗauki asarar. A cikin Musulmi ma ra'ayi ya rabu. Wasu na ganin dokar masu zaman tare za ta ceci matan da aka yaudara. Wasu na ganin cin fuska ne a kare matar sunna da dokar da aka yi domin marasa aure, suna cewa tsarin ɗaurin auren ne ya kamata a gyara.

A gida

A Najeriya doka ta san aure iri uku: na rajista, na gargajiya, da na Musulunci. Zaman tare ba ya cikinsu, ba ya kawo gado ko ciyarwa, kuma a jihohi 12 na Arewa da suka kafa dokokin shari'ar Musulunci laifi ne. Dokar shaida ta 2011 ta ce idan aka yi jayayya kan ko akwai auren Musulunci ko na gargajiya tsakanin mutum biyu, aka kuma nuna sun zauna a matsayin miji da mata, kotu za ta ɗauka akwai aure har sai an kawo hujjar akasin haka. Wannan sauƙin tabbatar da auren da aka riga aka ɗaura ne, ba ya ƙirƙirar wanda babu. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 kuma ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Inda muka yi tarayya da Ingila shi ne raunin macen da ba ta da takarda a hannu ranar da miji ko danginsa suka juya mata baya.

Abin da ya kamata a yi tun da wuri

Tun ran gini tun ran zane. Wanda za a ɗaura wa aure a Ingila ya tambayi masallacin ko yana da rajistar ɗaurin aure, kuma ko wanda hukuma ta ba izini zai halarta. In babu, a yi na ofishin rajista kafin na masallaci ko a rana ɗaya. Waliyyi na da damar sanya wannan cikin sharuɗɗansa kafin ya ba da 'yarsa. Waɗanda aka riga aka ɗaura musu ba rajista suna iya zuwa su yi yanzu, sai dai auren hukuma daga ranar da aka yi shi yake farawa. Wanda aka ɗaura masa a gida ya nemi takardar shaida daga hukumar da ta dace, ya adana ta tare da sunayen shaidu.

Idan ɗaya ya ƙi rajista, sauran matakan su ne a sanya sunaye biyu a takardar gida tare da rubuta kason kowa, a rubuta yarjejeniyar zama a gaban lauya, a sanya sunan abokin zama a takardar fansho da ta inshora, a kuma rubuta wasiyya. Dokar Ingila ta bai wa mutum 'yancin tsara wasiyyarsa, don haka Musulmi na iya rubuta a raba dukiyarsa bisa ƙa'idar gadon Musulunci. Duk waɗannan kariya ce ta wucin gadi, ba su kai takardar aure ƙarfi ba. Matar da ke cikin shari'ar Akhter da Khan ta yi shekara 18 tana jiran alkawarin da, a dokar yau, sanarwar kwana 28 da shaidu biyu sun isa su cika shi.